Kaka Ta Yi, A Gyara Hanya Da Masauki

Ruwan sama ya ɗauke, kaka ta kama a ƙasar Gwandu. Daga Maruda har Kalgo an yanke gero, dawa ta nuna, shinkafa kuma tana jiran lauje a fadama. Sanin kowa ne cewa a wannan lokaci ne manomi yake samun ɗan abin hannu, saboda haka yanzu ne ake ɗaura aure, ake kai amare, magidanta kuma su kwashi iyalansu zuwa gaishe da dangi ko ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a garin Gwandu. Abin tambaya shi ne, wace irin hanya waɗannan bayin Allah za su bi, kuma ina za su kwana idan dare ya yi musu?

Damina ba ta tafiya sai ta bar aika-aika. Ruwan watan Agusta yakan zaizaye gefen kwalta, ya cika kwalbatoci da yashi, ya mai da hanyar burji kwazazzabo. Mutanen Jihar Kebbi ba za su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa, ta karya gadoji, ta raba garuruwa da kasuwanninsu. Ko a shekarar da ruwa ya zo da sauƙi, ramin da ya fara kamar ƙwarya a watan Yuli yakan isa ya karya ƙafar mota kafin Oktoba.

Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hunturu 'yan makonni ne kawai. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas za ta taso da ƙurar Sahara, hazo ya rufe sararin sama, har direba ya kasa hangen abin da ke gabansa. Ramin da yake kauce wa yau da rana tsaka, a cikin hazo sai ya ji shi a ƙarƙashin mota. Ga shanyar hatsi a bakin titi, ga amalanken shanu marar fitila da almuru, ga garken dabbobi suna tsallakawa zuwa cin kara, ga kuma hayaƙin masu ƙona daji.

Don haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da su fito da ma'aikatansu tun yanzu, a yashe kwalbatoci, a cike ramuka, a bi hanyoyin ƙauye da gireda tun ƙasa tana da sauran danshi, domin burjin da ya bushe ƙayau ba ya danƙaruwa. Hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 don kula da titunan Gwamnatin Tarayya, ita ma wajibi ne ta dubi babban titin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Kalgo zuwa Jega. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai batun masauki. A ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro, garuruwan da ke kan hanya suna da zango inda baƙo zai sauke kaya, ya sami ruwa, ya kwana cikin aminci. Yau mai iyalin da motarsa ta lalace, in ba shi da ɗan'uwa a kusa, sai ya shimfiɗa wa mata da yara tabarma a tasha cikin sanyi, ko kuwa ya ci gaba da tafiyar dare, alhali halin tsaro bai ba da wannan dama ba. Ba wani abu mai tsada ake nema ba. Rumfa mai katanga, da sashen mata daban, da rijiya, da makewayi, da fitila, da mai gadi, a kowace babbar tasha, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba idan ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi da hakimai.

Amma gwamnati ba ta riƙe da sitiyari. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan babban titi, cikin hazo kuwa hankali ya nuna a rage. Direban da ya ɗora mutane a kan buhunan shinkafa yana caca ne da rayukan da ba nasa ba. Magidanci ya duba taya da fitila da burki, ya ɗauki ruwan sha da bargon yara, ya yi sammako, ya sauka kafin magariba. Idan hatsari ya auku, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Ma'aikacin da takardar gyaran hanya ke kan teburinsa ya tuna cewa watakila mahaifiyarsa ce za ta bi ta wurin gobe. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.