Wa Zai Yi Mana Binciken Ƙwarinmu?

A shekarar 2016 wata ƙaramar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta auka wa gonakin tumatir a Kaduna da Kano, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kamfanin Dangote da ke Kadawa kuma ya dakatar da aiki saboda rashin abin sarrafawa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin ganye a Nijeriya. Shekara guda kafin nan, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan gubar da aka samu a cikinsa, irin gubar nan ta fiya-fiya da ake yayyafa wa buhu don gudun ƙwaro. Amsarmu ga duk waɗannan ita ce ƙara feshi. Ni kuwa ina ganin wannan amsa ta gaji, kuma laifin yana wuyan masu riƙe da kuɗin bincike a ƙasar nan.

Akwai wata hanya da duniya ta daɗe tana bi. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna cewa ana iya rufe bakin ƙwayar gado guda ɗaya a jikin halitta, abin da ya sa suka sami kyautar Nobel a 2006. Kowace ƙwayar gado tana aika saƙo zuwa inda jiki ke haɗa sinadaran rayuwa. Idan ƙwaro ya ci wani zare mai tufka biyu da aka tsara daidai da wannan saƙo, sai jikinsa da kansa ya daddatse saƙon, sinadarin ya yanke, ƙwaron ya mutu. Da yake an auna zaren ne da ƙwaro ɗaya, ana iya tsara shi yadda zai bar zuma da sauran ƙwari masu amfani. Amurka ta amince da masarar da ke ɗauke da wannan dabara a 2017, sannan a ƙarshen 2023 ta amince da Calantha, maganin feshi da aka yi don ƙwaron dankalin Turawa.

Masu cewa mu zauna mu jira a kawo mana a kwalba ba su duba yadda abin yake ba. Dabarar ta fi cin ƙwari masu taurin baya, dangin buzuzu. A jikin tsutsotsin da ke rikiɗewa su zama malam-buɗe-littafi kuwa, ruwan cikinsu yakan narkar da zaren tun bai isa inda aka aike shi ba. To, sharon da tsutsar masara da tsutsar da ke huda kwanson wake duk daga wannan dangi suke. Zafin rana ma yana lalata zaren a kan ganye. Wane kamfani ne a Amurka zai ɓata shekaru yana neman yadda maganinsa zai jure ranar watan Afrilu a Igabi, domin manomin da ke sayen magani a murfin kwalba? Ƙwaron da ke cinye wake a rumbu, wanda shi dangin masu taurin baya ne kuma ya fi dacewa da gwaji, ba ya cikin manyan damuwarsu. Tuwon wani ba ya kashe yunwar wani.

Irin wannan aiki na mai digirin digirgir ne da ya kammala karatu, aka ba shi shekara biyu ko uku da albashi da ɗakin gwaji, ba a ɗora masa komai ba sai bincike. A ƙasashen da suka ci gaba, waɗannan matasa ne ƙashin bayan ɗakunan gwaji. A nan kuwa, wanda ya gama digirinsa a Zariya yakan sami kansa gaban ɗaruruwan ɗalibai da tarin takardun jarrabawa, ko kuma ya tattara ya tafi waje ya yi wa wasu binciken ƙwarinsu. Mu muka yi shuka, wasu ke girbi.

Kada a ce mini ba mu iya ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar kwanso, ko da yake da wata dabara dabam aka yi shi. Akwai Hukumar Kula da Lafiyar Fasahar Halittu ta Ƙasa tun 2015. A nan Mando muna da Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin garin Kaduna kuma akwai cibiyar binciken ciwon sammore da ta shafe shekaru tana nazarin ƙudan tsando. Gine-gine da masana suna nan, gurbin aiki da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa ne suka yi ƙaranci.

Ina girmama masu tsoron taɓa halitta, domin tambayarsu tana kan hanya: me zai sami mai cin abincin, me zai sami ƙasa? Ƙwaro ma yana iya sabawa da wannan magani kamar yadda ya saba da na baya. Amma wa zai amsa tambayoyin nan idan ba mu da masu auna su a gonakinmu? Ƙin bincike ba zai hana maganin shigowa kasuwa ba, sai dai ya shigo ba tare da wanda ya san shi ba.

Buƙatata ga asusun TETFund da gwamnatocin jihohin Arewa ƙarama ce: a buɗe guraben bincike na shekara uku a Samaru da Mando, a ɗauki matasan da suka cancanta ta hanyar gasa, a fara da ƙwaron wake. Uwar da ke auna wake a kasuwar Kawo tana da haƙƙin ta dafa wa 'ya'yanta abincin da babu ƙwaro kuma babu guba a cikinsa.