Ba Kowace Caja Ce Caja Ba

Kuskure ne a ɗauka cewa mai gyaran cajar waya a kasuwar Adjamé ya isa ya ƙera cajar babban batirin litiyam. Ƙwayar batiri ɗaya takan cika a bolt 4.2, idan aka jera 100, an kai bolt 420, ƙarfin da ke kisa. Caja ta gari takan rage wuta idan batiri ya kusa cika, ta yanke da zarar ƙwaya ɗaya ta wuce iyaka ko ta ɗau zafi. Masu goyon bayan haɗin gida sun ce ya fi araha. Sai dai ɗan kasuwar Treichville, wanda shagonsa ke manne da na maƙwabta, ba dukiyarsa kaɗai yake caca da ita ba. Araha ba ta ado.