Bichi: Tsadar fetur da burin matasa

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin noman rani ya sauya a Bichi. Injin ban-ruwa mai shan mai ya zama kaya, masu hali na komawa na sola. To, wa zai haɗa shi, wa zai gyara in ya lalace?

Matasa da yawa sun ƙulla niyya tun suna sakandare: takarda, sannan aikin ofis, ba sa sauraron wata shawara. Ko a Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke garin, wasu shaidar kawai suke bi. Alhali guraben gwamnati ba sa isa, manomin fadama kuwa yana cigiyar mai gyara da kuɗinsa a hannu.