Dokar Natasha da Rubutun Jikin Abinci

A watan Yuli na 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a kantin Pret A Manger da ke filin jirgin sama na Heathrow a Landan. Jikinta ba ya karɓar riɗi, ga shi kuwa an cuɗa riɗi a cikin ƙullin burodin, ba a kuma rubuta haka a jikin takardar da aka naɗe shi ba. Ciwo ya taso mata cikin jirgi a kan hanyar Nis ta Faransa. Mahaifinta ya yi mata allura har sau biyu, amma rai ya yi halinsa.

Abin da binciken kotu na 2018 ya tono shi ne ba a karya doka ba. Tun Disamban 2014 ƙa'idar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi da waken soya. Amma an bar wata kafa: abincin da aka haɗa aka naɗe a cikin kantin da ake sayar da shi bai buƙaci rubutu ba. Sassaucin da ya dace da ƙaramin mai shago sai ya zama mafaka ga kamfani mai ɗaruruwan rassa.

Ran 1 ga Oktoba, 2021 Birtaniya ta toshe wannan kafa. Tilas yanzu a jera dukan kayan haɗin irin wannan abinci, a kuma fito da masu haɗari da rubutu mai kauri ko wata alama bayyananniya. Dokar ba ta kai ga abincin da ake dafa wa mutum bayan ya yi oda ba, lalle kuwa nan ma akwai sauran aiki.

Amurka ta bi tata hanya. Dokarta ta 2004 ta ambaci abubuwa 8, riɗi ya zama na 9 daga Janairun 2023. Sai wasu manyan gidajen burodi suka ga tsabtace injuna ya fi tsada, suka riƙa zuba garin riɗi da gangan suna rubutawa. Sun cika doka, mai ciwon kuwa ya rasa burodin da yake ci a da.

Masu ɗura ƙuli-ƙuli ko alewar riɗi a Kano don kasuwar Turai, wannan ƙa'ida ta hau kansu: sunan gyaɗa da riɗi dole ya fito fili, cikin harshen da mai saye yake karantawa.