Ashanar Hannu Tana da Wa'adi

Akwai wata magana da ke yawo a zauruka da gidajen suna, tun daga Achilafiya har Karkarna, wai ashanar da ake sa wa mata a damtse don tazarar haihuwa, in an sa ta shi ke nan, sai ranar da aka ga dama. Wannan magana ƙarya ce, masu yaɗa ta kuwa cutar mata suke yi.

Ashanar nan ba laya ba ce. 'Yar roba ce mai ɗauke da magani, tana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin jini, ƙarfinsa yana raguwa kamar kananzir a fitila. Mai sili ɗaya, wato Implanon, shekara 3 aka yanka mata. Jadelle mai sili biyu shekara 5. Amma Levoplant, ita ma sili biyu gare ta, ga shi wa'adinta shekara 3 ne. Ashe ke nan laluben damtse da yatsa ba ya gaya wa kowa ranar canji, sai katin da malamar asibiti ta rubuta.

In wa'adi ya wuce ba ta zama dafi, ba ta kuwa ruɓewa. Abin tsoron shi ne ciki ya shiga ba shiri, watakila ma ga matar da ta sha da ƙyar a haihuwar baya, likita ya ce lalle ta huta.

Galibin laifin na maigida ne. Ya sauke karatu a ajin yaƙi da jahilci, yana karanta rasiɗin taki ba gargada, amma katin iyalinsa yana ƙasan adaka gara tana ci! Ba shi da hanzarin tsada, gama tun 2011 gwamnatin tarayya ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, a 2014 kuma aka yarda ma'aikatan lafiya na karkara da aka horar su riƙa sawa da cirewa. Wanda ya kai matarsa wurin wanzami don gudun kuɗin babur zuwa Kazaure, wannan ya fi kowa wauta.

A zama guda ake cire tsohuwa a sa sabuwa, bayan allurar kashe zafi. Mai son haihuwa ba sai ta jira wa'adi ba, ana cirewa tana iya samun ciki. Wadda katinta ya ɓata kuwa, ta koma inda aka sa mata a duba littafin rajista.