Mu San Itatuwa: Kariya da ƴar uwarta ta cikin teku

Jama'ar Cake, da na Mayahi da Tasawa, wannan wata zance ya zo bisa kariya, iccen nan mai kaurin gindi da jan fure, wadda ake dasawa bakin gida don ƙawa. Tana fure da rani, lokacin da ganye ya kaɗe. Cikin daji ana samun ta tun daga Sanagal har Sudan da Habasha, har ƙasar Larabawa.

Tsofaffi sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Ga maƙaryaci haka ne. Amma kariya icce takan yi ɗiya, kwanso biyu kamar ƙahoni, iri na ciki da gashi, iska shi ɗauke shi kamar na tumfafiya. Masana itatuwa da fure da ɗiya suke gane dangi, tsawon icce bai dame su ba. Sun sa kariya gida ɗaya da tumfafiya da kwankwani, wanda mahalba ke dafin kibiya da shi. Sunanta na boko Adenium obesum.

Tana da ƴar uwa a Sokotara. Kada a haɗa da Sakkwato: wannan tsibiri ne na ƙasar Yaman, cikin teku, gabas da Somaliya. Can kariya ƙatuwa ce, gindinta kamar ƙaramin rumbu, cike da ruwan da take ajewa don fari. Irin wannan ba ta tsirowa da kanta ko'ina duniya sai tsibirin. A 1904 wani masani, Vierhapper, ya ba ta suna nata dabam. Daga baya wasu suka maida ta reshen tamu. Cikin itatuwa da hakukuwan Sokotara, fiye da ɗaya bisa ukku can kaɗai suke, shi ya sa UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan gadon duniya a 2008.

Awakin tsibirin suna cinye ƙananan itatuwa tun ba su tashi ba, kamar yadda bisashe ke yi ma ƙaramin gawo cikin Gulbin Kaba. Kariya kuwa ba su taɓa ta, don ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya. Tamu ma haka take. Wanda ke da ita gida shi hana yara tsinkar furen su kai baki, in ya sare reshe shi wanke hannu da sabuni kafin ya taɓa ido ko tuwo.