Jajen Da Ba A Zuwa: Mutuwar Kare A Garin Baushe

A birnin Bauchi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, kowace asara da irin gaisuwarta. In mutum ya rasu, a zauna makoki a karɓi ta'aziyya. In gobara ta tashi, ko ɓarawo ya yi ɓarna, a je jaje. Ko doki ne ya faɗi a turke, ko saniya a garke, maƙwabta sukan leƙo su ce wa mai abin, "Allah Ya mayar da alheri." Amma akwai asara guda wadda ba mai taka ƙafa dominta, watau mutuwar kare. Ran da kare ya mutu, abin da aka saba shi ne a ɗaura masa igiya a ƙafa, yara su ja shi zuwa juji ko bayan ganuwa, shi ke nan an rufe zancensa. Mai shi kuwa, ko da abin ya taɓa masa zuciya, sai ya haɗiye, don gudun kada a mayar da shi abin dariya a majalisa.

Alhali kuwa abin yana taɓa zuciya ƙwarai. Duk wanda ya san gidan mafarauci, ko cikin gari ko a ƙauyukan Zungur da Galambi, ya san matsayin kare a wurin. Tun yana ɗan kwikwiyo ake kawo shi. Yaran gida su ke ba shi ƙanzo da sauran koko a kasko, su raɗa masa suna, ko Duna in baƙi ne, ko Zaki, ko Damisa. Maigida shi ke koya masa bin sawu da amsa fito. Da an gama girbi, ciyawa ta bushe, an buga gangi, to shi ne a gaba: shi ke tayar da zomo da gafiya, shi ke kutsawa sarƙaƙiyar da mutum ba ya iya shiga. Da dare kuma, sa'ad da kowa ya yi barci, shi ke kwana bakin zaure ido biyu. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya in ya sami kulawa. Ke nan yaron da aka haifa shekarar da aka kawo kwikwiyo yakan kusa gama firamare kafin su rabu, bai taɓa sanin gidansu ba tare da shi ba.

To, sai a dubi wannan gida kashegarin mutuwar. Maigida ya fito da asuba, ya yi fito bisa ga sabo, ba abin da ya motsa. Uwargida ta kankare tukunya, ta tara ƙanzo, sannan ta tuna ba mai ci. Ga kasko can a kife, ga sarƙa a gindin turke. Ƙaramin yaro ya fashe da kuka, sai a daka masa tsawa: "Kai, rufe mana baki! A kan kare za ka tara mana jama'a?" Shi kuwa mai tsawar, in an lura, ranar ko tuwon kirki bai ci ba.

Abin mamaki ne a ce a Bauchi ake jin wannan kunya, domin garin kansa sunan mutumin daji yake ɗauke da shi. Riwayar da ta fi shahara ta nuna cewa, sa'ad da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yake neman inda zai kafa birninsa a wajejen 1809, wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin da ya dace kusa da dutsen Warinje, aka kuwa sa wa garin sunansa don sakayya. Watau tun ran gini, Bauchi ta san darajar masu sanin daji, ta kuma san yadda ake tunawa da wanda ya yi alheri. Gaskiya ne daji ya ƙuntata. Tun 1956 aka keɓe Yankari aka hana farauta a cikinta, gonaki da gidaje kuma sun cinye wurare da yawa da ake zuwa a dā. Amma kare bai rasa aiki ba. Yana nan yana gadin gida da gona da garke, bai nemi albashi ba, bai taɓa haɗa baki da ɓarawo ba.

Daga ina kunyar ta samo asali? Rabinta daga harshe ne. Bahaushe ya mayar da sunan kare abin zagi. In ya so wulakanta mutum ya ce masa ɗan kare, in ya ga wanda ake turawa yin ɓarna ya kira shi karen farauta. Wanda ya girma yana jin haka, da wuya ya buɗe baki ya ce yana kewar kare. Ɗaya rabin kuma daga gurguwar fahimtar addini ne, domin mutane da yawa sun ɗauka duk wata hulɗa da kare haramun ce.

Malamai kuwa sun san zancen ba haka yake ba. Hadisai sun yi gargaɗi a kan ajiye kare ba tare da dalili ba, amma sun keɓe karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo wa mai ita. A mazhabar Imamu Malik, wadda aka fi bi a wannan ƙasa, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umurni ne kawai. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo har a wurin ƙidayar yawansu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa saboda wannan. In shayar da baƙon kare sau ɗaya ya kai ga gafara, ta yaya jin zafin rabuwa da wanda ya yi shekara goma yana tsaron ƙofa zai zama abin kunya?

Magabata ma ba su ɓoye wannan ba. Wani malami na Bagadaza, Ibnul Marzubani, wanda ya rasu a 921, littafi guda ya rubuta a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga cikin masu sa tufafi, ya tara labaran amanarsu don ya kunyata butulai. A ƙasar Japan kuma har yau ana ba da labarin wani kare, Haciko, wanda ubangidansa ya rasu a 1925, amma ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiransa har shi ma ya mutu a 1935, mutanen can suka kafa masa mutum-mutumi. Ba wanda zai ce Bahaushe ya yi wa kare mutum-mutumi, ko ya yi masa zaman makoki, ko ya kwantar da shi a kan gado kamar yadda ake gani wajen waɗansu Turawa. Wannan wuce gona da iri ne. Amma tsakanin mutum-mutumi da juji akwai fili mai faɗi, a nan ne mai hankali ya kamata ya tsaya.

Abu na farko, a haƙa rami a binne shi. Jefar da mushe a bakin hanya ko cikin kwata ƙazanta ce da cuta ga unguwa, kuma rashin kara ne ga wanda ya yi bauta. Na biyu, a bar yaro ya yi kukansa. Sau da yawa wannan ce mutuwa ta farko da yake gani kusa da shi, abin da aka nuna masa ranar shi zai riƙe. In an rarrashe shi, ya koyi cewa amana tana da daraja ko daga dabba ta fito. In an yi masa tsawa, ya koyi cewa wanda amfaninsa ya ƙare jansa ake yi a ƙasa, wannan darasi kuwa ba a kan kare kaɗai yake tsayawa ba. Na uku, maƙwabci ya daure ya ce, "Malam, ashe Duna ya mutu? Sannu, Allah Ya ba da wani." Kalma ce ba ta cin kuɗi.

Mafi girman tunawa kuwa shi ne kyautata wa na raye. Karnuka da yawa ba tsufa ke kashe su ba, yunwa ce, da kaska, da raunin da ba a kula ba, da ciwon haukan kare. Wannan ciwo shi ne mafi muni, domin in ya kama kare dole a kashe shi, in kuma alamunsa suka bayyana a jikin mutumin da ya ciza, kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana hallaka mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Ga shi kuwa maganin ba nisa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924 a maƙwabciyar jihar Filato, tana yin allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, a kuma riƙa maimaitawa kowace shekara a asibitin dabbobi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuma, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya garzaya asibiti tun kafin rana ta faɗi. Ba a kiwon kare ran farauta, haka nan ba a neman allura ran da ya fara dalalar da yawu.

A gidan mafarauci dai ba a daɗewa. Kafin rani ya zagayo an kawo wani kwikwiyo, an juyo da kaskon nan, yara sun shiga gardamar suna, domin karen bana shi ke maganin zomon bana. Amma maigida ya san ba duka aka maye ba. Wata rana a daji, in sabon ya ɓatar da sawu, za a ji ya ce a hankali, "Da Duna ne, da bai kuɓuce ba." Wannan magana ita ce ta'aziyyarsa, bai kuwa kamata ya faɗe ta a ɓoye ba. Garin da ya riƙe sunan maharbi fiye da shekara 200 don alherin rana ɗaya, ba zai rasa wurin ajiye sunan kare ba.

Allah Ya sa tausayi a zukatan bayinSa, Ya raba su da butulci. Amin.